Ina son koyar da dokar tsarin mulki, an ce mini babu abin bincike a Sakkwato

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Sakkwato ce. Na gama digirin lauya, na gama makarantar horas da lauyoyi, yanzu ina hidimar ƙasa. Tun ina aji biyu darasin dokar tsarin mulki ya shiga raina, kuma burina in koyar da shi a jami'a. Kawuna, wanda shi ma lauya ne, ya ce fannin ba kuɗi, kuma na mutanen Abuja da Legas ne, wanda ke zaune a nan ba shi da abin da zai bincika. Ya ce gara in shigo ofishinsa in koyi shari'ar filaye. Mene ne ainihin aikin malamin wannan fanni? Wace hanya ake bi? Da gaske ne babu abin bincike a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. 'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya sa a gama hidimar ƙasa lafiya.

Maganar kawunki kashi biyu ce. Ta farko gaskiya ce, kuma ba zan rufe miki ita ba: albashin malamin jami'a ba ya kama ƙafar abin da lauya mai ofis yake samu idan kasuwarsa ta buɗe. Ga yajin aiki, wanda a 2022 kaɗai ya cinye wata 8. Duk mai shiga wannan aiki ya shiga idonsa buɗe. Ta biyun ce ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma a kanta zan tsaya, domin na shafe sama da shekara 20 ina koyar da wannan darasi a garin nan, ban taɓa wayar gari na rasa abin da zan tona ba. Abin da na rasa shi ne isasshen lokaci da isassun ɗalibai masu himmar tonawa tare da ni.

Bari in fara da aikin kansa. Kundin tsarin mulki na 1999 sashe 320 gare shi. Mai kaifin ƙwaƙwalwa zai iya haddace shi a wata uku, amma haddar ba ta mayar da shi masani ba. Ke da kika tashi a garin malamai kin san bambancin matani da sharhi da hashiya. Kundin shi ne matani. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara su ne sharhi. Malamin jami'a shi ke rubuta hashiya, kuma wani lokaci aikinsa ne ya ce, cikin ladabi da hujja, mai sharhi ya kauce a wuri kaza. Lauya yana kare wanda ya ɗauke shi. Alƙali ba ya wuce ƙarar da ke gabansa. Malami ne kaɗai ke da sararin jera hukunci 20 da aka yanke cikin shekara 30, ya duba ko suna tafiya a kan layi ɗaya ko suna karo da juna. Tambayoyin da yake bi ba su da yawa: wa ke da iko, wa ya ba shi, a ina ikon ya tsaya, kuma idan ya ƙetare iyaka wa zai iya tsayar da shi? Duk sauran rassa ne.

To yanzu ki ɗauko waɗannan tambayoyi ki aza su a kan ƙasar Sakkwato.

Shari'ar tsarin mulki da ta fi kowace shahara a tarihin Najeriya a kan ɗan Sakkwato aka yi ta. A zaɓen Agustan 1979, doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohin 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, a Kano kuma ya samu kashi 19.94 cikin ɗari. Cif Awolowo ya ce jiha ba ta rabuwa, don haka 13 ake nufi. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka a Kano sai a auna da biyu bisa uku na ƙuri'un da aka kaɗa kawai. Kotun Ƙoli ta karɓi wannan lissafi, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. Har yau ina raba ɗalibaina gida biyu a kan wannan hukunci, kuma har yau ba a tashi daga ajin an daidaita. Kin kuma ga yadda jikar wannan tambaya ta dawo a 2023, da aka yi ta jayayya a kan matsayin Abuja a sashe na 134.

Ki matso kusa. Kina yarinya lokacin da aka yi wannan, amma ki tambayi kawunki. An zaɓi Aliyu Magatakarda Wamakko gwamna a 2007, kotu ta soke zaɓen a 2008, aka sake, ya sake ci, ya sake rantsuwa. Sai tambaya ta taso: shekara 4 ɗin da sashe na 180 ya ba gwamna, daga wace rantsuwa za a fara ƙirga su, ta farko ko ta biyu? Kotunan da ke ƙasa da Kotun Ƙoli suka ce ta biyu, shi ya sa ba a yi zaɓen gwamna a Sakkwato a Afrilun 2011 ba. Ranar 27 ga Janairun 2012 Kotun Ƙoli, a shari'ar Marwa da Nyako, ta ce daga ta farko ne, ta sauke gwamnoni 5 a rana ɗaya: Sakkwato, Adamawa, Kogi, Bayelsa da Kuros Riba. Ga abin da nake so ki lura da shi, domin irinsa ne idon mai bincike ke kamawa. Dukkan jihohin sun samu gwamnonin da aka zaɓa a wajen lokacin gama-gari, amma Sakkwato ta koma cikin sahu a 2015, Kogi da Bayelsa kuwa har yau zaɓensu daban ake yi. Me ya sa? Saboda kotun ta ce mutum ɗaya ba ya wuce shekara 8 a jimlace. A inda tsohon gwamna ya dawo, shekarunsa 8 sun cika a Mayun 2015. A inda sabon mutum ya hau, sai aka fara sabon ƙirge. Jumla ɗaya a cikin hukunci ta canza kalandar siyasar jihohi har zuwa yau. Wannan maƙala ce sukutum, kuma takardunta da shaidunta suna nan garin.

Amma inda ruwan ya fi zurfi shi ne wurin da kundin ya haɗu da Shari'ar Musulunci, kuma a nan ne ɗan Sakkwato ya fi kowa damar yin magana da ilimi. A majalisar tsara kundi ta 1978 wakilai Musulmi da dama sun fice daga zaure a kan batun kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya. Sulhun da aka yi shi muke rayuwa a cikinsa har yanzu: kowace jiha da ke so ta kafa tata, daga nan ƙara ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙasa, inda alƙalai masana Shari'a za su zauna a kanta. Sashe na 275 zuwa 279 ke nan a kundin yanzu. Sashe na 277 ya lissafa hurumin kotun: aure, rabuwa, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya, gado da makamantansu. Da Zamfara ta faɗaɗa aiki da Shari'a a 1999 zuwa 2000, Sakkwato da wasu jihohi suka bi, sai tambayoyi suka yi ta ɓullowa. Shin hakan ya saɓa wa sashe na 10 da ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma, ko kuwa cika sashe na 38 ne da ya ba kowa 'yancin bin addininsa? Shin majalisar jiha na iya ƙara wa kotun hurumin da kundi bai ambata ba?

Shari'ar Safiya Husaini ta Tungar Tudu duniya ta ji ta. Kotun Gwadabawa ta yanke mata hukuncin rajamu a Oktoban 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta sallame ta a Maris na 2002. Jaridun waje sun ba da labarin tamkar matsin lambarsu ne ya kuɓutar da ita. Wanda ya karanta hukuncin ya san alƙalan sun tsaya a kan hujjoji daga gida biyu. Daga kundi, cewa ba a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba lokacin da ake zargin ya yi laifin, wato ƙa'idar sashe na 36. Daga fiƙihun Malikiyya, maganar kwantaccen ciki da ake iya jingina wa tsohon miji, da sharuɗɗan iƙirari. Ki faɗa mini, 'yata, malamin da ke Legas wanda bai taɓa buɗe Risala ko Muhtasar ba, yaya zai yi ya auna wannan hukunci da adalci? Rabinsa kawai zai gani. Haka ma malamin zaure da bai san kundi ba.

Akwai kuma wadda ba ta shiga jarida, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Manomi ya yi rikicin gona da maƙwabcinsa a fadamar Wurno ko Goronyo. Suka je kotun Shari'a, wanda ya faɗi ya ɗaukaka ƙara zuwa inda hankalinsa ya ba shi, wato kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a. Aka yi shekaru, aka sayar da tumaki, aka biya kuɗin mota. Da maganar ta kai sama, sai a ce tun farko wannan kotu ba ta da hurumi, domin manyan kotuna sun sha yanke cewa rikicin mallakar fili da bai shafi gado ko kyauta ko waƙafi ko wasiyya ba, ba ya cikin lissafin sashe na 277. A rushe komai, a koma farko. Mutum nawa wannan ya shafa a jihar nan? Shekara nawa suke ɓatawa? Amsar tana kwance a ɗakunan ajiyar fayil na kotunanmu, tana jiran mai haƙurin zama ya ƙirga. Na taɓa zuwa wata kotu neman fayilolin shekarun baya, na tarar gara ta cinye rabinsu, na dawo gida raina a ɓace kwana biyu. Abin da ya saura yana buƙatar wanda zai karanta shi tun bai bi sahun 'yan'uwansa ba. Ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Sai sarauta. A Jamhuriya ta Farko Arewa tana da Majalisar Sarakuna da ke cikin tsarin yin doka. Kundin 1979 ya rage musu matsayi amma ya bar majalisar sarakuna a jihohi. Na 1999 bai ba su wani gurbi ba, sai dokokin jihohi ke naɗawa da saukewa. Garin da ya ga sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a Afrilun 1996, ƙarƙashin mulkin soja, bai kamata a koya masa muhimmancin wannan tambaya ba. Ga kuma ƙananan hukumomi 23 da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, alhali sashe na 162 ya ambaci asusun haɗin gwiwa. Ga sashe na 214 da ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasa, a gefe guda sashe na 14 yana cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sashe na 6 kuma ya hana kotu tilasta abin da ke babin da sashe na 14 yake ciki. Mutumin Sabon Birni ko Isa da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga yana zaune ne a tsakanin waɗannan sassa uku, ko bai taɓa jin lambobinsu ba.

Game da rubuce-rubucen magabata, ina da nasiha. Shehu Usmanu ya rubuta Kitabul Farƙi da Bayanu Wujubil Hijra, Malam Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkami, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa. A cikinsu akwai maganar sharuɗɗan shugaba, shawara, naɗa alƙalai, dukiyar baitulmali da haramcin cin ta. Tambayoyinmu ne dai, a wani harshe da wani zamani. Kuskuren da nake yawan gani a kundayen ɗalibai shi ne su ɗauko kalmomin tsarin Amurka su liƙa wa waɗannan littattafai, don su nuna mu ma muna da shi tun da. Ba su buƙatar wannan kariya. Ki karanta su da Larabcinsu, ki fahimci matsalar da marubucin ke warwarewa a ranar da ya rubuta, sannan ki kwatanta. Idan Larabcinki bai yi ƙarfi ba, ki koma gaban malami, ko malama a cikin gida, ba abin kunya ba ne. Cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu tana nan cikin gari, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa suna Kaduna. A can za ki ga yadda aka kawo kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Abu Rannat, wanda aikinsa ya kai ga dokar Final Kod da Arewa ta shiga 'yancin kai da ita.

Hanyar shiga aikin ba ta da wani sirri. Digiri na biyu a fannin dokar hukuma, sannan digirin digirgir, wanda yanzu ba a yin nisa ba tare da shi ba. Ana farawa daga mataimakin malami, a hau matakai har babban malami, mataimakin farfesa, farfesa. Kowane tsani da adadin shekaru da adadin maƙalu, kuma na sama sai masana daga wasu jami'o'i sun auna aikinki. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da dokar ƙasa haɗe da Shari'a, Zariya da Kano ma haka. Shawarata ki yi ɗaya daga cikin manyan digirorin biyu a wata jami'a daban, ki ji yadda wasu ke tunani, ki zauna aji da wanda zai ƙalubalanci abin da kika ɗauka ba ya buƙatar hujja, sannan ki dawo. Hukumar TETFund tana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malamai, amma sai kin riga kin samu gurbin koyarwa. Wajen zaɓen wanda zai duba aikinki, kada ki bi girman suna. Ki tambayi tsofaffin ɗalibansa ko yana karanta abin da aka kai masa, kuma wata nawa babi ke yi a teburinsa.

Ki san waɗanda suka riga ki. Farfesa Ben Nwabueze, wanda ya rasu a 2023, ya koyar a Legas da Nsukka da Zambiya, ya rubuta littattafai uku a 1973 da 1974 da 1977 a kan tsarin mulki da shugabanci da kotuna a ƙasashen Afirka, ya zauna a kwamitin Cif Rotimi Williams da ya tsara daftarin kundin 1979, kuma shi ne malamin jami'a na farko da ya samu lambar SAN ta manyan lauyoyi. Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne a ƙarshen shekarunsa ya fito fili ya ce tara iko da yawa a hannun gwamnatin tarayya da suka yi kuskure ne, kuma yana cikin masu kuskuren. Ba kowane malami ke iya wannan ba. Farfesa Jadesola Akande, mace ta farko da ta zama farfesar shari'a a ƙasar nan, ta yi wa kundin sharhi sashe bayan sashe, har ta shugabanci Jami'ar Jihar Legas. Niki Tobi daga koyarwa a Jami'ar Maiduguri ya koma alƙalanci, ya jagoranci kwamitin da ya tattara ra'ayoyi kafin kundin 1999, ya kai Kotun Ƙoli. A nan kusa akwai Farfesa Auwalu Yadudu na Jami'ar Bayero. Kuma ki nemi rahoton 'yan tsiraru da Dokta Yusufu Bala Usman da Segun Osoba suka rubuta a 1976, su biyu suka saɓa wa kwamitin Rotimi Williams baki ɗaya. Dukkansu masana tarihi ne, ba lauyoyi ba, kuma sun ga abin da lauyoyin ba su gani ba.

Akwai tarko biyu. Na farko mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda. Za su cika miki lissafin ƙarin girma, su zubar miki da suna. Maƙala ɗaya da alƙali zai iya dogara da ita ta fi goma irin waɗancan. Na biyu ya fi haɗari. Da zarar an san ki da fannin nan, duk ranar da aka tsige shugaban majalisa ko aka rushe shugabannin ƙananan hukumomi, gidajen rediyo za su kira ki, 'yan siyasa ma za su aiko. Ki je rediyon. Ina ma ganin wajibi ne, domin kundin da Turanci aka rubuta shi, mafi yawan waɗanda yake mulka a jihar nan kuwa Hausa da Fulfulde suke ji, kuma bayyana wa mutum haƙƙinsa da harshensa yana cikin mafi girman abin da za ki yi. Amma ki riƙe ƙa'ida ɗaya: fassarar da kika ba sashe lokacin da jam'iyyar da kike so ke mulki, ita za ki ba shi ranar da ta faɗi. Sakkwato gari ne da kowa ya san gidan kowa, kuma mutane ba sa manta abin da malami ya faɗa bara.

Sai mu dawo kan kawunki. Ki karɓi tayinsa. Ki yi shekara ɗaya ko biyu a ofishinsa kina neman gurbin digiri na biyu. Shari'ar filayen da yake so ya koya miki tana cikin fanninki dumu-dumu: dokar filaye ta 1978 an ɗaure ta a jikin kundi ta sashe na 315, ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundi, wato biyu bisa uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24, kuma diyyar wanda gwamnati ta karɓe wa fili tana sashe na 44. Ki sayi littafin rubutu mai kauri. Duk fayil ɗin gona da ya biyo ta hannunki, ki rubuta kotun da aka fara, kotun da aka ɗaukaka, shekarun da aka ɗauka, da ko an taɓa tayar da maganar hurumi, ba tare da sunayen masu ƙara ba, kuma da izinin kawun naki. Kafin nan ki nemo hukuncin Marwa da Nyako cikakke, ba taƙaitawar littafin makaranta ba, ki karanta shi da alƙalami a hannu, ki rubuta shafi 3 a kan wurin da kika ga hujjar alƙalan ta fi ƙarfi da wurin da kika ga ta yi rauni. Idan kin gama ki aiko mini, zan karanta in mayar miki da gyara, in Allah ya so. Ki gaishe mini da kawun naki.